Daga Babban Sikirin Zuwa Tafin Hannu: Abin Da Dara Ta Koya Mini

 Ni ɗan ajin ƙarshe ne na difloma, kuma furojek ɗina wasan dara ne na waya. Na gina shi a laftof, na yi ta gwada shi a laftof, na gamsu da shi ɗari bisa ɗari. Ranar da na kai shi gida Shagari na miƙa wa mutanen da na yi dominsu, a cikin minti goma na gane cewa aikin wata biyu sai an sake shi. Abin da na koya daga wannan kunyar nake so in rubuta, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Maganar a kan fuskar wasa ce, abin da muke kira UI a aji: rubutu, maɓallai, alamomi, jerin zaɓi, da duk wani abu da ke tsakanin ɗan wasa da wasan. Tambayar ita ce, idan an ɗauko wasan da aka tsara wa talabijin ko kwamfuta za a mayar da shi na'urar hannu, me ya kamata a yi wa fuskar nan? Ni da na ɗauka amsar ita ce a rage girman komai a wuce. Ashe da sauran rina a kaba.

Yadda abin ya faru

Darar da na gina irin wadda ake bugawa a unguwarmu ce: gidaje 30, layi 5 kowanne da gida 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Wanda ya jera uku a layi ɗaya sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. A laftof na sa allon darar a tsakiya, sunayen 'yan wasa a hagu, lissafin ci a dama, umarni a ƙasa. 'Ya'yan ɗaya ja, na ɗaya kore. Da na mayar da shi waya, komai ya shiga, babu abin da ya yanke.

Da hutu ya zo na hau mota na wuce Bodinga na sauka Shagari. Washegari da hantsi na samu kawuna a gindin bishiyar da suke buga dara shi da abokansa. Shekarunsa sun haura sittin, kuma ban taɓa cinye shi ba ko sau ɗaya. Na miƙa masa wayar ina ji da kaina. Ya karɓa, ya matso da ita, ya nisanta ta, ya karkata ta.

Sai ya ce, "Kai yaro, mi kaɗ ɗora a nan? Ni dai ban ga komi ba sai huskata."

Muka matsa cikin inuwa sosai. Ya fara wasa. Ya kai yatsa zai ɗauki ɗa guda, wayar ta ɗauki na kusa da shi. "Ba shi nit taɓa ba!" Can kuma ya tambaye ni, "Wanga nawa na ko naka na?" Muna tsakiyar wasa aka kira ni a wayar. Da na gama amsawa, allo ya koma farko, duk abin da muka buga ya tafi. Kawu ya miƙo mini wayata, ya gyara zama, ya koma kan ramukansa na ƙasa. Bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

Matsala huɗu ke nan: ido bai gani ba, yatsa bai samu ba, launi bai bambanta ba, wasa kuma bai jure katsewa ba. Da na koma na yi karatu, sai na tarar duk huɗun tsofaffin matsaloli ne da kamfanonin gem suka sha fama da su tun kafin a haife ni.

Darasi na farko: ido da tazara

Girman rubutu a ido ya dogara da abu biyu, tsayin harafin da nisan da ke tsakaninsa da mai kallo. Ga lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi.

Lokacin da na yi SIWES a wani shagon gyaran waya a Bodinga, akwai gidan gem kusa da mu. Ɗauki talabijin irin nasu mai inci 43. Tsayin sikirinsa kusan santimita 53 da rabi ne. Ƙa'idar da Microsoft ta ba masu yin wasannin Xbox ita ce kada rubutu ya gaza fiksel 28 a sikirin mai layi 1080. A talabijin ɗin nan fiksel 28 ya kama kusan milimita 14, kuma mai wasa yana zaune a nisan kamar mita 2.

Yanzu ɗauki PSP, na'urar hannun da Sony ta fitar a Japan a ƙarshen 2004. Sikirinta inci 4.3 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na wancan talabijin daidai. Idan aka matse hoton nan gaba ɗaya cikinta, harafin milimita 14 ya koma milimita 1.4. Za ka ce ai PSP a kusa ake riƙe ta. Haka ne, kamar santimita 30 daga ido. To raba tsayi da nisa. A talabijin, 14 a raba da 2000 ya ba da 0.007. A PSP, 1.4 a raba da 300 ya ba da 0.0047. Ke nan ko da an matso da ita, harafin a ido bai wuce kashi biyu cikin uku na yadda yake a talabijin ba.

Akwai kuma matsala ta biyu. Sikirin PSP fiksel 480 ne a faɗi, 272 a tsayi. Harafin da aka zana da fiksel 28 zai koma fiksel 7 kacal. Da fiksel 7 da ƙyar za a bambanta e da a. Kafin ya yi wa ido girman da yake da shi a talabijin, sai ya kai fiksel 11, kuma da zarar ka ƙara girman rubutu, wurin da ya rage ya ragu. Dole wani abu ya fita daga sikirin.

Kamfanin Valve, wanda ya fitar da Steam Deck a 2022 da sikirin inci 7 mai fiksel 1280 sau 800, ya mayar da wannan doka. Kafin wasa ya samu shaidar cewa ya dace da na'urar, dole a iya karanta rubutunsa daga nisan santimita 30, kuma harafi mafi ƙanƙanta kada ya gaza fiksel 9, sun ma fi son ya kai 12. Manya ma suna yin wannan kuskure. A 2006 Capcom ta fitar da Dead Rising a Xbox 360, masu tsofaffin talabijin suka yi ta kukan ba sa iya karanta rubutun, saboda da sabon talabijin mai kaifin hoto aka tsara shi.

Ni da na auna nawa, rubutun da yake milimita 3 da rabi a laftof ya koma wajen milimita 1.2 a waya. Kawu bai yi ƙarya ba.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin abin lura. Lanƙwasar da ke kan ɗ da ƙ da ɓ ƙarama ce, ita ke fara ɓacewa idan harafi ya ƙanƙance. Sai ka ga "ɗaki" da "daki", ko "ƙafa" da "kafa", sun zama ɗaya. Wasu nau'o'in haruffa ma ba su da su, sai su nuna maka ɗan akwati. Na koma amfani da Noto Sans na Google saboda yana da su duka, kuma ina gwada kowane girma da kalmar da ke ɗauke da su.

Darasi na biyu: yatsa ba maus ba ne

Kibiyar maus tana iya nuna ɗigo guda. Babban yatsa faffaɗa ne, kuma duk abin da ya taɓa ya rufe shi. Tun 1954 wani masanin Amurka, Paul Fitts, ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu yana ƙaruwa idan abin ya yi nisa ko ya yi ƙanƙanta. Shi ya sa Google ke ba da shawarar kada abin taɓawa a Android ya gaza 48dp, wato kusan milimita 9. Apple kuma ta ce maki 44.

Wayata inci 6.5 ce, faɗinta kusan santimita 6.8. Da na kwantar da wasan kamar yadda yake a laftof, allon dara ya samu kamar santimita 4 a tsayi. Raba shi gida 5, kowane gida milimita 8, ɗan da ke ciki kuma milimita 5. Gyaran da na yi shi ne na tayar da wayar tsaye, na ba allon dara faɗin sikirin gaba ɗaya. Santimita 6.8 a raba gida 6, kowane gida ya haura santimita 1. Na kuma sa duk faɗin gidan ya zama wurin taɓawa, ba ɗan kaɗai ba. Sannan na daina sa a ja ɗa da yatsa, domin hannu na rufe inda za a kai shi. Yanzu taɓawa biyu ce: ka taɓa ɗanka ya yi haske, gidajen da zai iya shiga su nuna kansu, ka taɓa wanda kake so.

A na'urorin da ke da maɓallai na gaske, matsalar ta yawan maɓallai ce. Hannun PlayStation 2 yana da analog biyu da maɓallan kafaɗa huɗu, L1, L2, R1 da R2. PSP analog ɗaya gare ta, maɓallan kafaɗa biyu. Duk wasan da aka kawo daga can, sai an zauna an yanke shawarar abin da zai koma haɗin maɓalli biyu da abin da za a bari. Inda aka yi sakaci, ɗan wasa ne ke biya. A Monster Hunter na PSP, tafiya tana kan analog, juya kamara kuma tana kan maɓallan kibiya da ke samansa, duk a hannun hagu. Sai 'yan wasa suka koyi lanƙwasa yatsan nuni a kan kibiyoyin, babban yatsa na kan analog, riƙon da suka yi wa laƙabi da farcen dabba saboda yadda hannu ke komawa.

Misalin da aka yi daidai shi ne Link's Awakening na 1993 a Game Boy. Na'urar maɓallan aiki biyu gare ta, A da B. Sai Nintendo ta bar ɗan wasa ya zaɓi kayan da zai ɗora a kan kowanne, har takobi ana iya sauke shi a sa wani abu. Bayanan wasa kuma duk aka tara su a siririn layi guda a ƙasan sikirin.

Ba sai an je Japan ba kafin a ga wannan. Ƙanena yana buga PES ta PPSSPP, manhajar da Henrik Rydgård ya fara fitarwa a 2012 mai sa waya ta buga wasannin PSP. A nan maɓallan ma zane ne a kan gilashi, suna zaune a kan filin ƙwallon. Na lura ya shiga saiti ya matsar da su gefe, ya ƙara girman na bugun ƙwallo, ya rage duhunsu don ya riƙa hango fili ta cikinsu. Yaron da bai gama sakandare ba yana gyara fuskar wasa da kansa. Darasin da na ɗauka daga gare shi shi ne, duk inda za ka iya, ka ba mai wasa damar canza girma da wuri.

Darasi na uku: rana da launi

A ɗakin gwaji na makaranta akwai inuwa. A Shagari kuwa, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, a waje ake zama, a gindin bishiya, haske ta ko'ina. Hasken rana yana wanke launi, ja mai duhu da kore mai duhu su koma abu ɗaya. Ban da haka akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da kore ko a cikin ɗaki, kuma an fi samun haka a maza.

Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1. Akwai shafukan da ke auna maka wannan kyauta idan ka sa lambobin launukan. Amma gyaran da ya fi amfani daga wurin su Kawu na samo shi. Su ba da launi suke bambanta 'ya'yansu ba. Ɗaya yana wasa da tsakuwa, ɗaya da guntayen kara. Ko da magariba ta kawo kai, siffa tana nan. Sai na yi haka: 'ya'yan ɗaya farare masu zagaye, na ɗaya baƙaƙe dogaye, allo kuma ruwan ƙasa mai haske.

Wannan ya kai ni ga rubutun da ke cewa "Kai ne da wasa". Kawu ajami yake karantawa da kyau, boko sai a hankali. Na cire jimlar, na sa gefen mai wasa ya yi haske da ɗan sauti. Lissafin ci ma na daina rubuta shi da lamba a gefe, 'ya'yan da aka cinye suna taruwa a gaban wanda ya ci su kamar yadda ake yi a ƙasa. Sunayen 'yan wasa da umarni suka koma bayan maɓalli guda. Rabin abin da ke kan sikirin na laftof ya tafi, kuma babu wanda ya tambaye ni ina yake.

Darasi na huɗu: caji da katsewa

Wanda ya zauna a gidan gem ya biya kuɗi, ya ware lokacinsa. Mai na'urar hannu kuwa yana wasa ne a tasha, ko a cikin mota tsakanin Bodinga da Sakkwato, ko yana jiran a tayar da sallah. Kowane lokaci za a iya katse shi. Shi ya sa PSP da Nintendo Switch, wadda ta fito a 2017, suke da yanayin barci: ka danna, ka ajiye, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. A Android, tsarin yana kiran onPause duk lokacin da wani abu ya shiga gaban manhajarka. An koya mana wannan a aji, na rubuta shi a jarrabawa, amma ban yi aiki da shi ba. Yanzu wasan yana ajiye matsayin allo bayan kowane motsi.

Caji ma na cikin tsarin fuska. Gunpei Yokoi da mutanensa a Nintendo sun fitar da Game Boy a 1989 da sikirin fiksel 160 sau 144, launi huɗu kacal daga haske zuwa duhu, ba shi da fitila a baya. Batir huɗu suna kai shi sa'o'i fiye da goma, kuma da yake hasken waje yake amfani da shi, a rana ma ana ganinsa. Game Gear na Sega ya zo a 1990 da launi da fitila, amma yana cinye batir shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar. Game Boy ne ya yi kasuwa nesa ba kusa ba. A garin da mutum ke biyan kuɗi a caja masa waya a shago, wannan tarihin ya shafe mu kai tsaye. Na cire hoton baya mai motsi da na sa don ƙawa, na kuma sa sikirin ya daina sake zana kansa idan babu abin da ya motsa.

Gwajin da za ka yi kafin ka kai wa malami

Na farko, zana fuskar a takarda daidai girman sikirin da za a yi amfani da shi, ka auna da rula. Idan ba ka iya rubuta kalmar da biro a wurin da ka ware mata ba, ta yi ƙanƙanta.

Na biyu, jera duk abin da ke kan sikirin, ka tambayi kanka wanne ne mai wasa ke buƙata a kowane daƙiƙa, wanne ne sai lokaci-lokaci. Kashi na biyu ya koma cikin jerin zaɓi.

Na uku, gwada a ainihin waya, kuma ka nemi mafi arha da ƙaramin sikirin a cikin ajinku. Manhajar kwaikwayon waya da ke kan laftof za ta ruɗe ka, domin da maus kake taɓa ta.

Na huɗu, fita da ita rana da ƙarfe goma sha biyu, ka rage hasken sikirin zuwa rabi.

Na biyar, sa wani ya kira ka kana tsakiyar wasa. Kulle wayar ka buɗe. Kashe manhajar gaba ɗaya ka dawo.

Na shida, miƙa wa wanda bai taɓa ganinta ba, ka yi shiru. Wannan ya fi duka wuya, domin baki zai yi ta ƙaiƙayi ka ce "a'a, nan za ka danna". Duk inda ka ji kana son yin bayani, rubuta shi a takarda, wurin gyara ne.

Makonni uku da suka wuce na sake komawa Shagari da sabon gyaran. Na miƙa wa Kawu ban ce komai ba. Ya duba, ya taɓa farar tsakuwa guda, gidaje suka yi haske, ya ce, "Awo, yanzu kaz zo da magana." Ya cinye ni sau uku a jere, sannan ya kira abokinsa ya zo ya gani. Sun samo mini wata matsalar kuma: idan mutum ya jera uku, ba a gane cewa wasan na jiran ya zaɓi ɗan da zai cire. Ita nake gyarawa yanzu, ga ranar kare furojek tana matsowa.

Duk mai son gwada wasan, ko mai furojek na waya da yake so mu auna shi tare, ya neme ni a sashenmu bayan lakca, rulata tana cikin jaka. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu gama lafiya.